Filayar Zobe da 'Yan'uwanta: Darasi Domin Masu Kiwo da Masu Sana'ar Hannu

Masu kiwon zomaye da kaji sun san wannan irin hasara. Mutum ya sayi ragar waya da tsada, ya haɗa keji, ya ɗaure kusurwoyinsa da igiyar rama, ko tsumma, ko guntun waya da ya murɗa da yatsa. Bayan wata biyu zomo ya gaigaye igiyar, ko kuwa ruwan damina ya ruɓar da ita, sai kusurwa ta buɗe. Da dare kare ko muzuru ko gafiya ya sa kai. Da safe a tarar da uwa ba 'ya'ya. In aka duba kejin, za a ga ragar tana nan lafiya lau. Mahaɗin ne ya saki.

Saboda haka a wannan darasi za mu duba kayan aikin da ke lanƙwasa 'yar waya domin ta riƙe abu biyu wuri ɗaya. Muna so mu gane yadda aka tsara su da dalilin da ya sa aka yi su haka, gama wanda ya gane dalili yana iya zuwa wurin maƙeri ya ce masa, "Ga abin da nake so," ba sai ya jira wanda za a kawo daga birni ba.

Halin waya

Kafin mu taɓa kayan aiki, bari mu san wayar kanta. Ku ɗauki guntun waya ku ɗan tanƙwara shi kaɗan, ku saki. Zai koma yadda yake. Ku tanƙwara shi sosai, ku saki. Wannan karon zai zauna a lanƙwashe, amma in kun lura da kyau za ku ga ya ɗan ja da baya kaɗan. Kowace waya tana yin haka, mai tauri kuwa ta fi mai taushi ja da baya. Shi ya sa dole ne kayan aiki ya lanƙwasa waya ya ɗan wuce inda ake so ta tsaya, domin in ta ja da baya ta zauna daidai.

Abu na biyu. Ku yi ta lanƙwasa wayar gaba da baya a wuri ɗaya. Wurin zai yi zafi, ya yi tauri, sa'an nan ya karye. Watau kowane lanƙwaso yana ƙara wa ƙarfe tauri yana rage masa haƙuri. Zoben da aka matse sau ɗaya ya zauna, ya fi wanda aka matse, aka buɗe, aka sake matsewa. Wannan ne laifin murɗa waya da hannu: ana yi ana gyarawa, har wayar ta gaji tun ba ta fara aiki ba.

Ana auna kaurin waya da lamba, kuma lissafin a juye yake. In lamba ta hau, waya ta ƙara siranta. Lamba 14 kaurinta kamar milimita 2 ne, lamba 16 kuwa kamar milimita 1.6. Ku riƙe wannan in za ku kanti, kada mai kanti ya ba ku siririya ya ce babbar lamba ce.

Abin ɗinke takarda

Za mu fara da wanda kowa ya taɓa gani a ofishin makaranta ko a teburin magatakardan ƙungiya, watau abin ɗinke takarda da ake kira sitefila. Ƙarami ne, amma duk dabarar da muke nema tana cikinsa. In akwai ɗaya kusa, ku buɗe shi ku riƙa dubawa muna tafiya.

Gyartai in zai ɗinke ƙwarya, sai ya huda da basilla, ya zura zare, ya ja, ya ƙulla. Aiki huɗu ke nan. Sitefila tana yin duka da dannawa ɗaya. Fil ɗinta waya ce mai ƙafa biyu da gadon baya. An jera su an manne da ɗan gam, sifirin kuma yana tura jerin zuwa gaba. A cikin murfi akwai wani harshen ƙarfe. Kaurinsa daidai yake da kaurin fil guda, saboda haka in ya sauko, ɗaya tak yake yankewa daga jeri. Da ya fi haka kauri, da biyu zai kwaso su cushe.

Ku dubi bakin da fil ke fitowa. Matsattse ne, ya tokare fil gaba da baya da gefe. Siririyar waya in aka danna ta a tsaye ba abin da ya tallafe ta, lanƙwashewa take yi a tsakiya, kamar karan dawa da aka ɗora wa kaya. Bakin nan shi ke riƙe ƙafafun su miƙe har su huda takarda.

A ƙasa kuma akwai 'yar maƙera, wani faifan ƙarfe mai kwarmi biyu. Ƙafafun in sun ratsa takarda sai su faɗa cikin kwarmin, gangaren kwarmin ya juya su ciki, su rungume takardar ta baya. A yawancin manyan sitefila ana iya tura faifan sama a juya shi. Ɗaya gefen yana watsa ƙafafun waje, sai fil ya zama mai sauƙin cirewa, domin takardun da za a raba daga baya. Mutane da yawa sun shekara da sitefila a tebur ba su san da wannan ba.

A jikin kwalin fil za ku ga lamba kamar 24/6 ko 26/6. Ta farko kaurin waya ce, ta biyu tsawon ƙafa ne da milimita. Falle 20 na takardar ofis kaurinsu kamar milimita 2 ne, sai milimita 4 su rage na lanƙwasawa. In aka tara falle 60, ƙafar ta ƙare a cikin takarda, ba abin da zai kai ga kwarmi. Ba sitefilar ce ta lalace ba. A nemi fil mai doguwar ƙafa da babbar sitefila, ko a raba takardun.

Ba dare ɗaya aka kai ga wannan tsari ba. A Amurka wani mai suna George McGill ya yi rajistar wani maɗaurin takarda na tagulla a 1866, wanda ake lanƙwasa ƙafafunsa bayan an zura shi. A 1877 Henry Heyl ya yi rajistar na'urar da ke soka fil ta kuma lanƙwasa shi a bugu ɗaya. Na farkon nan, fil ɗaya ɗaya ake sa musu. Sai daga baya kamfanin da ke yin Swingline ya fito da wadda ake ɗaga murfinta a zuba jeri guda, irin wadda muka sani yanzu. Har likitoci sun ari dabarar. A 1908 wani likitan fiɗa na ƙasar Hangare, Humer Hultl, ya yi amfani da na'urar ɗinke tumbi da 'yan wayoyi, nauyinta ya fi kilo 3. Irin wannan fil na cikin ciki yana rufewa ne da siffar harafin B, domin ya riƙe nama ba tare da ya tsai da gudun jini ba.

Ga wata 'yar dabara ga malaman yaƙi da jahilci da ke haɗa ƙananan littattafai. In sitefila ba ta kai tsakiyar takarda ba, a buɗe ta ta miƙe, a kifa takardun a kan kwali mai taushi, a danna fil a kan layin ninki, a juya, a kwantar da ƙafafun da bayan cokali. A nan cokali ne ya zama maƙera.

Filayar zobe

Yanzu mu koma ga keji. Abin da ya fi dacewa da haɗa raga da raga shi ne ɗan zoben waya mai buɗaɗɗen baki, mai siffar harafin C. Ana sa shi a bakin wata filaya ta musamman, a kama wayoyi biyu na gefen raga, a matse, sai zoben ya rufe a kansu. Asalinsa a Amurka manoma ne ke sa shi a hancin aladu domin kada su tona ƙasa. Daga baya masu yin kujerun mota da masu shinge da masu keji suka ɗauke shi.

Me ya bambanta ta da filayar makanike? Ku gwada matse zobe da filaya ta kullum ku gani. Ko dai ya zame ya yi tsalle, ko ya kwanta gefe, ko ya baje kamar an taka shi. Dalili kuwa, bakinta shimfiɗaɗɗe ne, wuri biyu kaɗai yake taɓa zoben. Filayar zobe tana da gurbi mai lanƙwasa a kowane muƙamuƙi, a tsakiyar gurbin kuma akwai siririn kwarmi inda wayar ke kwanciya. Kwarmin yana hana zoben kaucewa, kamar yadda bakin sitefila ke tokare fil. Lanƙwasar gurbin kuma tana juya bakunan zoben ciki, kamar 'yar maƙerar nan. In filayar ta rufe ruf, gurabun biyu sun haɗu sun zama da'ira, girman wannan da'ira kuwa shi ne girman zoben da za a samu, kowane daidai da ɗan'uwansa.

Sai maganar ƙarfi. Ku auna daga ƙusar tsakiya zuwa inda hannu ke kamawa, a ce santimita 15. Ku auna daga ƙusar zuwa gurbi, a ce santimita 3. Uku sau biyar ne a cikin sha biyar, saboda haka ƙarfin hannu ya ninku sau 5. Wanda ya matsa da ƙarfin kilo 10, zobe ya ji kilo 50. In aka matso da gurbi kusa da ƙusa, ƙarfi ya ƙaru, amma baki ba zai shiga lungu ba. In aka ƙara tsawon mariƙi, ƙarfi ya ƙaru, amma mariƙan za su wage har tafin hannu ya kasa haɗa su. A nan muna roƙon maƙera su tuna cewa a gidaje da yawa mata da yara ne ke lura da zomaye. A gwada filayar a hannun wanda zai yi aiki da ita, ba a hannun maƙeri ba.

Akwai wani irin maɗauri kuma, na fallen ƙarfe mai siffar harafin J, da tasa filayar. Yana kamawa tam, ya kuma fi zobe faɗi. Amma a ƙasan keji yana tara fitsari da datti, tsatsa ta ci shi ta ci ragar da ke cikinsa. Ban da haka ba a iya yinsa a gida da sauƙi. Mu dai mun fi son zobe.

Yadda za a yi zobba a gida

A nemi waya mai taushi mai rufin tutiya, watau farar nan da ba ta saurin tsatsa, lamba 16. A nemi sandar ƙarfe mai santsi, kaurin milimita 12. A naɗe wayar a jikin sandar, naɗi kusa da naɗi, kamar sifirin. A zare. Kowane zagaye tsawonsa kamar milimita 43 ne. Ba zagaye guda muke so ba, kashi biyu cikin uku muke so, watau kamar milimita 28. Ke nan kowane zagaye biyu zai ba da zobe 3, ba abin da za a zubar. Mita ɗaya ta waya tana ba da zobe kamar 35.

Zoben da aka yi haka, bakinsa a buɗe kamar milimita 10 ne, ya isa ya haɗiye wayoyi biyu na raga. In ya rufe, bakunan suka haye juna da kamar milimita 4, cikinsa zai zama kamar milimita 6.

Ku lura da wani abu mai kyau a nan. Tun da daga naɗi aka yanko shi, bakunan zoben ba sa fuskantar juna sak, ɗaya ya ɗan kauce. Kada a gyara wannan. In bakunan suka yi karo kai da kai, zoben ba zai ƙara rufewa ba, in ya ja da baya kuma sai ya bar 'yar kafa, wayar raga ta sulluɓe ta nan. In sun goce wa juna suka haye, ko ya ja da baya a rufe yake.

Wani zai ce bari ya sa wayar a wuta ta yi taushi. Kada a yi haka da farar waya. Wuta tana ƙone rufin tutiyar, farin hayaƙin da ke tashi kuwa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji ga wanda ya shaƙa, sa'an nan wayar ta koma mai tsatsa. In waya ta yi tauri, a sayi wata.

Abin da za a gaya wa maƙeri

Tsohuwar filaya mai kaurin baki ta isa. Bakinta yana da tauri, magagari ba zai ci shi ba. Maƙeri ya cire robar mariƙi, ya sa bakin kaɗai a wuta har ya yi ja, ya binne shi cikin toka mai zafi ya huce a hankali. Sa'an nan a rufe filayar, a huda rami na milimita 6 ko 7 daidai kan layin da muƙamuƙai suka haɗu, kusa da tsini. Ramin ya bi ta gefe, yadda ƙusar tsakiya ta bi. Rabin rami a wannan muƙamuƙi, rabi a wancan. Daga nan a buɗe ta, a sassaƙa kwarmi a tsakiyar kowane rabi da ɗan siririn magagari, zurfinsa kamar milimita 1 zuwa 1.5. A ɗan faɗaɗa kwarmin wajen tsini, inda bakunan zobe za su kwanta gefe da gefe.

Inda aikin ke ɓaci shi ne in kwarmin nan biyu ba su dubi juna ba. Ko da kaɗan ɗaya ya kauce, kowane zobe zai murɗe. Haka kuma in ƙusar tsakiya tana lilo. A buga ta ta zauna, ba har ta ƙi motsi ba. A goge kwarmin ya yi sumul, gama waya zamewa take yi a cikinsa tana lanƙwasa, in da kaushi sai ta cije, ta kuma kankare rufinta. Bayan an gwada da zobe goma an gamsu, maƙeri ya mayar wa bakin da taurinsa yadda ya saba yi wa wuƙa. Maƙerin da ya iya ƙera awartaki yana iya ƙera ta sabuwa tun daga farko, in an zana masa bakin a ƙasa.

Ta kanti tana da sifirin da ke sa baki ya ɗan cije zobe tun ba a matsa ba, domin kada ya faɗi sa'ad da ake kai shi ga raga. A madadinsa, a yanko zirin robar tsohon tiyub na keke a zagaya mariƙan biyu da shi, ba da ƙarfi ba. Wanda ya taɓa durƙusawa yana neman zobe cikin ƙasa sau ashirin zai san amfanin wannan roba.

Haɗa keji

Kejin uwa ɗaya da 'ya'yanta yakan zama kamar santimita 90 a tsawo, 75 a faɗi, 45 a tsaye. Ƙasansa raga mai ido rabin inci da inci ɗaya, domin kashi ya zuba amma ƙafa kada ta faɗa. Jikinsa da samansa raga mai ido inci 1 da inci 2 ta isa, sai dai a zagaya gindin da mai ƙananan ido kamar santimita 10, saboda jarirai. In falle shida aka yanka, tsawon duk mahaɗan ya kai santimita 840. In ana sa zobe kowane santimita 8, za a bukaci kamar 105, watau wayar mita 3 ke nan. Ku kwatanta kuɗin waya mita 3 da kuɗin uwa mai ciki.

A fara da kusurwoyi, a sa ɗaya ɗaya domin keji ya tsaya, sa'an nan a cike tsakani. A ƙasa, inda nauyi yake, a matso da su kusa. Bayan zobe ya dubi ƙusar filaya, bakinsa ya dubi raga. A yi ƙoƙari bakunan su ƙare ta waje ko ta ƙarƙashi, domin tafin ƙafar zomo gashi ne kawai ke kare shi, in ya ji rauni kuwa yana wuyar warkewa. In an gama, a shafa hannu a hankali ta ciki. Duk abin da ya karce mu, zai karce shi. A ƙofa kuwa a bar zobba da ɗan sakwa-sakwa, su zama abin da ƙofar ke juyawa a kai.

Masu kafa shingen lambu da waya mai ƙaya suna da tasu ƙusar mai ƙafa biyu. Ita ba a lanƙwasa ta, itace ne ke riƙe ta. A buga ta a karkace, kada ƙafafun biyu su bi jijiya ɗaya ta itace su tsaga shi. A turakun tsakiya kada a buga ta har ta danne waya, a bar wayar ta riƙa zamewa, gama tana miƙewa da zafin rana tana tsukewa da sanyi.

Kada a bar guntu a ƙasa

Wannan gargaɗi ya fi duk abin da muka faɗa nauyi. Saniya ba ta tsince abinci kamar akuya, da harshe take naɗo ciyawa ta haɗiye. In akwai guntun waya ko ƙusa a ciki, sai ya faɗa cikin tumbin nan mai ido-ido kamar saƙar zuma, ya maƙale. Tumbin yana motsi, tsinin yana huda shi, zuciya kuwa tana kusa da wurin. Sai a ga saniya ta daina ci, nono ya ragu, ta ƙage baya, tana nishi in za ta kwanta ko za ta gangara. Sau da yawa ba a gane dalili sai an yanka.

Saboda haka a yanka zobba a kan tabarma ko cikin kwano, nesa da turke da rumbun harawa. A ƙirga su kafin a fara, a ƙirga waɗanda suka rage. Tsohon maganaɗisun lasifikar rediyo in aka ɗaura masa igiya aka ja shi a ƙasa, yana tsince abin da ido bai gani ba. Wanda tsohuwar waya ta soke shi kuwa, ya wanke wurin da sabulu, ya je ɗakin magani ya tambaya ko yana bukatar allurar rigakafin tetanus.

Aikin yi a taron ƙungiya

Kowa ya zo da guntun raga biyu. A haɗa na farko da igiya, na biyu da waya murɗin hannu, na uku da zoben da bakunansa suka yi karo, na huɗu da zoben da bakunansa suka haye juna. A rataye kowanne a reshe, a ɗaura masa bokiti, a riƙa zuba yashi da mudu ana ƙirgawa har ya saki. Magatakarda ya rubuta mudu nawa kowanne ya ɗauka, da kuma abin da ya fara sakewa, ragar ce ko mahaɗin. A gayyato maƙerin gari ya tsaya ya gani da idonsa, a kuma tambaye shi nawa zai yi filaya ɗaya in ƙungiya ce ta kawo ƙarfen.